Saƙon Murya Daga Cikin Jirgi

A tashar Gashuwa, motar Nguru ta ƙi cika. Wata dattijuwa ta miƙa wa mutumin da ke gefenta waya.

"Malam, don Allah duba mini. Ɗana Dunoma ne ya turo saƙon murya, ya ƙi buɗuwa."

"Sabis ne babu, Hajiya, sai juyawa yake. Yana ina?"

"Wai cikin jirgi. Ya kai babansa Masar an yi masa aiki, yau suke dawowa. Anya waya na yi a sama?"

"Tana yi yanzu. An ce wasu jiragen daga ƙasa suke jawo intanet, daga irin dogayen ƙarafan nan na kamfanin waya. Sai dai nasu sama suke kallo."

"Shi ya sa mu ba mai kallonmu. Tun jiya ban runtsa ba. Ban sani ba ko su biyu ke tafe, ko shi kaɗai."

Mutumin ya fitar da wayar ta taga, ya ɗaga har hannunsa ya gaji. Can sai wata murya ta fito a dishe: "Meram, ni ne. A dafa mini kifin Dagona, na gaji da abincinsu."

"Alhamdulillahi. Maigidan ne da kansa. Ka ji shi, ko gaisuwa babu." Ta share ido da bakin mayafi. "Kai ma kana da yara, Malam?"

"Ɗaya. Yana nan Damaturu, inda sabis ya cika. Rabona da muryarsa tun babbar sallah."