Wanda Ya Yi Gadina Ina Salla

Salamu alaikum malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tsohon saje ne daga Bagudo. A fagen daga, in na ta da salla, wani Kirista cikin yarana, Bitrus, shi ke riƙe bindiga yana gadina har in sallame. Bara ya rasu, na je garinsu na kama akwatin gawarsa. Da na dawo, mutanen unguwa suka cire ni daga shugabancin 'yan sintiri. Wani dattijo ya ce, "Saje, ka ɗauki abin da ba naka ba." Yanzu ko a sahu, gefena fili ake bari. Wallahi na gaji. Ku tambayar mini malamai: wanda ya tsare sallata, laifi ne na raka shi kabari?