Katanga Mai Shuɗin Fenti

A layin shagon siminti, hadari ya haɗu, na ji wani dattijo yana hira da matar da ke bayansa.

"Buhu biyu zan saya, in ƙara wa dokin ƙofata tsayi. Da muna yara, sai a daɗe ba a ga ruwa irin wannan ba. Yanzu kowace damina sai ta fi ta bara hauka."

"To Baba, in ka tare, ruwan ina zai bi?"

"Inda Allah ya nufa. Bara katanga na ja a bakin kwata, ko ɗigo bai shigo mini ba."

"Katanga mai shuɗin fenti, bayan injin niƙa?"

"Ita fa. Kin san wurin?"

"Gidana ne a ƙasanta. Ranar da ta juyo mana da ruwan, a wuya na fito da 'yata. Ina kallo ɗakina ya zauna."

"Baiwar Allah, wallahi ni ban..."

"Simintin ɗakin na zo saya. Matsa, layi ya zo kanka."

Mai shago ya leƙo. "Buhu biyu suka rage. Na wa?"

Dattijon ya ja gefe, ya bar matar a gaba.