Umma, Tashi

A shagon mai rubuta kalaman ƙawata bango, wata mata ta tsaya tana duba allunan da ya jera.

"Baiwar Allah, ga na haƙuri, har da zanen furanni. Shi aka fi saye."

"Malam, haƙuri kam ya ishe ni. Wata huɗu ke nan, duk wanda ya shigo gidana shi yake kawo min. Sabo za ka rubuta: 'Umma, tashi, gari ya waye.'"

"Wannan ai ba karin magana ba ce. Wa ya faɗa?"

"'Yata. Kullum haka take tashina, tana jan bargona. Shekararta shida ta rasu."

Ya ajiye burushinsa. "Allah ya jiƙanta. Amma ba kya tsoron ya riƙa fama miki ciwo?"

"Ciwon ai bai taɓa barci ba. Ni ce nake kwanciya har rana ta yi tsaka, ƙannenta biyu suna jirana da yunwa. Jiya na sake fenti, na sauke baƙaƙen labulaye. Saura wannan, daidai saitin gadona."

"Wane launi?"

"Ruwan ɗorawa. Ka yi haruffan manya-manya, yadda ko da hawaye a idona zan iya karantawa."