Motar Malam Gwadabe Ta Ɗau Zafi

A tashar Karaye, zamanin mulkin Turawa, Malam Gwadabe magatakardan hakimi yana tsaye gaban tsohuwar motar da ya saya a hannun wani Bature, tana ta tururi. Ga shi Di'o na jiransa a Rogo kafin azahar. Wani direban motar gyaɗa ya matso, ya leƙa injin.

"Ranka ya daɗe, akwai ruwa a lagireto?"

"Da hannuna na cika shi. Motar Ingila ce, ba ta saba da ranarmu ba."

"Ai ta tsufa a cikin ranar nan. Ina bel ɗin da ke juya fanka?"

"Wannan baƙar robar? Ƙara ta dame ni da ita a ƙofar hakimi, har dogarai suna dariya. Na sa wuƙa na yanke ta."

"Roƙo take a ɗaure ta. In babu ita, ba abin da zai sanyaya injin."

"To, amma ban sake jin ƙara ba."

Direban ya goge hannu a wando. "A ofis ma haka kuke yi wa mai ƙara?"

Malam Gwadabe ya gyara rawani. "Haka mana. Kuma har yau ba wanda ya yi tururi."

"Tukuna dai, ranka ya daɗe."