Burtalin Yashe Daga Sama

A tashar Kankiya, ana jiran motar Kusada ta cika. Wani dattijo ya leƙa wayar saurayin da ke gefensa.

"Samari, mi kake kallo haka?"

"Taswira ce, Baba. Hoton Yashe ne daga tauraron ɗan'adam. An turo mu duba burtali, makiyaya sun yi kuka shanu ba su iya wucewa."

"Burtali na nan yadda muka gada. Ni ɗan Yashe ne, tambaye ni."

"Ba sai na tambaya ba. Hoton bana muke ɗorawa a kan na shekarun baya, kamar tabarma bisa tabarma. Duk inda gona ta ci hanyar shanu, sai ya fito ja. Dubi nan, gindin tsamiyar nan."

Dattijon ya ƙura wa wayar ido.

"Tauraron naku, yana faɗin sunan mai gona?"

"A'a, wannan sai mun je wurin mai unguwa."

"To, ka gaya mashi jan nan ya yi yawa. Kunya biyu ce kawai na ƙara. Kuma wannan ba tsamiya ba ce, ɗorawa ce."