An Kama Ni a Gidan da Na Buga wa Bulo

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sani, manomi daga yankin Faru.

'Yan bindiga ne suka tashe mu, muka gudo Talata Mafara. Wani ɗan takara ya rantse zai gina mana gidaje. Da hannuna na buga bulon, don an ce namu ne. Zaɓe na wucewa aka yi watsi da ginin.

Da aka kore mu daga rumfunan kasuwa inda muke kwana, na kai iyalina kangon. Sai ga 'yan sintiri: "Wa ya ba ku izinin kwana nan?" Suka tafi da ni ofishinsu suka kulle ni.

Malam, ɗakin da aka kulle ni shi ne rufin farko da hukuma ta ba ni. Jama'a, ina zan kai 'ya'yana?