Bangonmu Ɗaya da Makaɗa

A tashar bas na ji wata dattijuwa ta tare wani mai rungume da ganga.

"Kana cikin baƙin nan masu gwajin kiɗa a ɗakin taron unguwa?"

"E, Mama."

"Bangonmu ɗaya. Ƙararku zan kai wa mai ɗakin."

"Ki yi wa Allah! In ya kore mu, wasanmu na Asabar ya rushe. Za mu rage sauti."

"Wa ya ce ku rage? Sati uku ina koyon rawar ƙasarku a kicin, da ƙuguna ya fara sakewa sai ku tsaya shan shayi!"

"To ki shigo mana."

"Ban iya ba in shigo ku yi mini dariya? Ku dai matso da gangar jikin bango."